FASHIN BAƘI: Abin da ya kamata ɗalibin jami'a ya iya bayan kammala kwas ɗin Fiziks na farko

Wata tirela shaƙe da siminti ta yi taho-mu-gama da ƙaramar mota. A daidai lokacin karon, wace ce ta bugi 'yar'uwarta da ƙarfin da ya fi yawa?

Mafi yawan mutane za su ce tirelar ce, kuma ba a ga laifinsu ba, tunda ƙaramar motar ce ke komawa kamar gwangwanin da aka taka. Amma a kimiyyar Fiziks, ƙarfin da tirela ta bugi motar daidai yake da wanda motar ta bugi tirelar, babu ragi babu ƙari. Wannan ita ce doka ta uku cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a shekarar 1687.

Tambaya mai kama da wannan na cikin waɗanda Farfesa Eric Mazur ya bai wa ɗalibansa na Jami'ar Harvard da ke Amurka a wajajen 1990. Ɗalibai ne haziƙai, akasarinsu masu shirin karatun likita, waɗanda ke cin jarrabawarsa mai wuyar lissafi. Duk da haka da yawansu suka faɗi wannan tambaya da ba ta buƙatar lissafi ko kaɗan. Mazur ya sha ba da labarin ɗalibar da ta ɗaga hannu ana tsakiyar gwajin, ta tambaye shi ko ta amsa bisa abin da ya koya musu ne, ko kuwa bisa yadda ita take ganin abubuwa a zahiri.

Tambayar wannan ɗaliba ta tono matsalar da ta sa jami'o'i da dama suka sake duba abin da suke nema daga kwas ɗin Fiziks na shekarar farko. Ɗalibi na iya haddace dokar Newton, ya rubuta ta a jarrabawa, ya samu maki, alhali a zuciyarsa bai yarda da ita ba.

Mene ne Makaniks, kuma me ya sa ake farawa da shi?

Makaniks shi ne reshen Fiziks da ke nazarin motsi da abin da ke sauya shi. Yana bayanin yadda dutse ke faɗowa, yadda mota ke tsayawa idan an taka birki, yadda gada ke ɗaukar nauyi ba ta karye ba, da yadda wata ke zagaya duniya. Galileo Galilei na Italiya ne ya kafa tubalinsa na gwaji, inda a littafinsa na 1638 ya nuna cewa nisan da abu mai faɗowa ke ci yana ƙaruwa ne gwargwadon lokaci sau kansa. Newton ya zo ya ɗaure wannan ilimi cikin dokoki uku da dokar janyowa.

Kusan ko'ina a duniya, da shi ake buɗe wa ɗalibin kimiyya ƙofar Fiziks. A jami'o'in Najeriya shi ne kwas ɗin PHY 101, wanda masu karatun injiniya, likitanci, haɗa magunguna, aikin gona da ilimin kwamfuta ke haɗuwa a kansa a aji ɗaya. Ƙalilan daga cikinsu ne za su zama masana Fiziks. Sauran za su wuce zuwa fannoninsu, kuma ga da yawansu wannan ne karo na ƙarshe da za a zaunar da su a koya musu yadda ƙarfi da motsi ke aiki. Injiniyan da zai ƙididdige nauyin da ginshiƙi zai ɗauka, da likitan ƙashi da zai duba yadda karaya ta auku, duk a kan wannan harsashi za su ɗora gini.

Jerin batutuwa daban, manufa daban

Tsohuwar al'adar rubuta manhaja ita ce a jera batutuwa: ma'aunai, motsi a miƙe, dokokin Newton, aiki da makamashi, juyawa, janyowar ƙasa. Irin wannan jeri yana faɗin abin da malami zai karantar, amma bai ce komai ba a kan abin da ɗalibi zai iya. Malami na iya kammala jerin kaf, ya sauke nauyinsa, ɗalibai kuma su fita da tunanin da suka shigo da shi.

Manufar koyo kuwa ana rubuta ta ne ta fuskar ɗalibi, da aikin da za a iya gani a auna. Maimakon a ce ɗalibi zai fahimci dokar Newton ta uku, sai a ce idan aka nuna masa abubuwa biyu da ke tura juna, zai iya faɗin ƙarfin da kowanne ke yi wa ɗaya, ya kuma bayyana dalilin da ya sa ɓarnar ta bambanta. Kalmar fahimta tana da santsi, domin kowa na iya cewa ya fahimta. Amma zana hoto, hasashen sakamako da kafa hujja ayyuka ne da ko dai ɗalibi ya yi su ko ya kasa.

Wannan tunani ya samo asali ne daga aikin Benjamin Bloom da abokansa na 1956, waɗanda suka kasa ilimi mataki-mataki, daga tuna abu zuwa amfani da shi da kuma tantance shi. A fannin Fiziks, Carl Wieman, wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 2001, ya jagoranci shirye-shirye a Jami'ar Colorado da Jami'ar British Columbia ta Kanada, inda matakin farko na gyara kowane kwas shi ne malaman sashe su zauna su rubuta abin da suke so ɗalibi ya iya.

Manufa ta farko: bayyana motsi daidai

Abu na farko da ake nema shi ne ɗalibi ya rarrabe abubuwa uku da harshen yau da kullum ke cakuɗawa: inda abu yake, gudunsa, da sauyin gudunsa. A Makaniks gudu yana tafiya da alƙibla, don haka motar da ke shan kwana a kan kilomita 40 cikin awa tana sauya gudu ko da allurar mita ba ta motsa ba. Sauyin gudu shi ne yawan ƙaruwa, raguwa ko karkatar gudu a kowane sakan.

Gwajin da ke fallasa wanda bai rarrabe su ba mai sauƙi ne. An jefa dutse sama. A ƙololuwar tashinsa, kafin ya juyo, gudunsa sifili ne. To mene ne sauyin gudunsa a wannan lokaci? Ɗalibai da yawa kan ce shi ma sifili ne. Da haka ne, da dutsen ya tsaya cak a sararin sama. Sauyin gudunsa yana nan yadda yake tun barinsa hannu, kusan mita 9.8 cikin sakan a kowane sakan, zuwa ƙasa.

Ana kuma so ɗalibi ya iya ɗauko labarin motsi ɗaya ya faɗe shi ta hanyoyi huɗu: da baki, da zane, da giraf, da lissafi. Wanda ya iya fomula kaɗai, da zarar an ba shi giraf aka ce ya faɗi abin da motar ta yi, sai ya tsaya.

Manufa ta biyu: ganin duniya da idon Newton

Nan ne zuciyar kwas ɗin. Dokar farko ta ce abu zai ci gaba da zama wuri ɗaya, ko ya ci gaba da tafiya a miƙe da gudu iri ɗaya, matuƙar babu wani ƙarfi da ya rinjaya a kansa. Ta biyu ta ce jimlar ƙarfin da ke kan abu daidai take da mas ɗinsa sau sauyin gudunsa. Mas shi ne yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilogiram, kuma ya bambanta da nauyi, wato ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi. Buhun masara zai ragu da nauyi a duniyar wata zuwa kusan kashi ɗaya cikin shida, amma mas ɗinsa ba zai ragu ba.

Aikin da ake so ɗalibi ya ƙware a kai shi ne ya ware abu guda, ya zana dukkan ƙarfin da ke kansa, kuma ga kowane ɗaya ya faɗi abin da ke yin turin ko jan. Guga cike da ruwa da ake jawowa daga rijiya da gudu iri ɗaya, igiya na jan sa sama, ƙasa na jan sa ƙasa, kuma biyun daidai suke. Igiya tana rinjaye ne kawai a ɗan lokacin da gugan ke fara tashi. Idan ɗalibi ya zana wani ƙarfi amma ya kasa faɗin mai yin sa, to wannan ƙarfi babu shi.

Da wannan ne ake warware tambayar tirela. Ƙarfin iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu, amma idan tirela tan 30 ce, motar kuma tan ɗaya da rabi, sauyin gudun motar zai ninka na tirelar sau 20. Wannan fizga ta farat ɗaya ita ce ke ragargaza motar da waɗanda ke ciki. Dokar farko kuma ita ce hujjar ɗaura bel: mota ta tsaya, jikin fasinja bai tsaya ba.

Manufa ta uku: sanin abin da ba ya ɓacewa

Makaniks yana da abubuwan da jimlarsu ba ta sauyawa idan babu tasiri daga waje. Makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama, daga na tsawo zuwa na motsi, daga na motsi zuwa zafi. Haka ma momentom, wato mas sau gudu, wanda jimlarsa kafin karo take daidai da ta bayan karo. Manufar a nan ita ce ɗalibi ya san lokacin da zai ɗauko wannan makami, da lokacin da bai dace ba.

Misalin birki ya isa nuna amfaninsa. Makamashin motsi yana ƙaruwa ne da gudu sau kansa. Motar da ke kan kilomita 60 cikin awa, idan birki na rage mata mita 7 cikin sakan a kowane sakan, za ta ci kusan mita 20 kafin ta tsaya. A kan kilomita 120 kuwa za ta ci kusan mita 80. An ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu. Ɗalibin da ya iya fitar da wannan da kansa ya samu ilimin da zai amfane shi ko da bai ƙara buɗe littafin Fiziks ba.

Wani bincike da Michelene Chi da abokan aikinta suka wallafa a 1981 ya nuna inda gwani ya bambanta da ɗan koyo. An ba su tarin tambayoyi aka ce su kasa su gida-gida. Masu koyo suka haɗa tambayoyin da suka yi kama a ido, na gangara wuri ɗaya, na igiya wuri ɗaya. Gwanaye kuwa suka kasa su bisa ƙa'idar da za ta warware su, na makamashi daban, na dokar Newton ta biyu daban. Kai ɗalibi ga irin wannan kallo na daga cikin manufofin da aka fi wahalar cimmawa.

Juyawa da janyowa sukan zo a ƙarshen zango. A nan ana so ɗalibi ya ga cewa dokokin ba su sauya ba, an dai miƙa su ne zuwa abin da ke juyi. Ya iya bayanin dalilin da ya sa sifana mai dogon hannu ke kwance noti cikin sauƙi, da dalilin da ya sa ƙarfin da ke faɗo da mangwaro shi ne ke riƙe da tauraron ɗan'adam a kan hanyarsa.

Manufa ta huɗu: auna amsa da hankali

Kowace lamba a Fiziks tana da ma'auni, kuma sakaci da shi yana da tsada. A watan Satumban 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wata manhajar kwamfuta tana fitar da alƙaluma da ma'aunin fam, wata kuma tana karanta su da ma'aunin newton.

Don haka ake so ɗalibi ya saba da tambayar kansa bayan kowane lissafi ko amsar ta yi kama da gaskiya. Idan lissafi ya ce mutum na gudun mita 300 cikin sakan, akwai kuskure, domin wannan ya kusa saurin sauti. Ya kuma iya ƙiyasi: dutsen da ya ɗauki sakan biyu kafin ya taɓa ruwan rijiya ya ci kusan mita 20. A ɗakin gwaje-gwaje kuma, manufar ita ce ya auna, ya maimaita, ya faɗi iyakar shakkar da ke cikin awonsa, maimakon ya gyara alƙalumansa don su dace da na littafi.

Babban cikas: ɗalibi ba ya zuwa da kai fanko

Ɗalibin da ya shigo aji ɗaya ya shafe shekaru da dama yana tura kaya, yana buga ƙwallo, yana hawa keke. Ya riga ya gina nasa ilimin motsi: abu ba ya tafiya sai ana tura shi, mai nauyi ya fi saurin faɗowa, babba ya fi bugu. Wannan tunani ba wauta ba ne, domin a duniyar da gogayya da iska suka cika, yakan yi aiki. Manyan masana sun riƙe makamancinsa tsawon ƙarnuka. Aristotle ya koyar da cewa motsi na buƙatar mai turawa. Ibn Sina a ƙarni na 11, da Jean Buridan na Faransa a ƙarni na 14, sun yi bayanin cewa mai jifa yana zuba wa abin da ya jefa wani abu da ke ci gaba da tafiyar da shi. A batun faɗowa kuwa, David Scott na kumbon Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata a 1971, suka sauka tare.

John Clement na Jami'ar Massachusetts ya nuna a 1982 cewa akasarin ɗaliban injiniya da ya gwada suna zana ƙarfin da ke tura kuɗin ƙarfe sama bayan ya bar hannu, kuma da yawa sun ci gaba da yin haka bayan kammala kwas. A 1985 Ibrahim Halloun da David Hestenes na Jami'ar Jihar Arizona suka gano cewa lakca ta al'ada ba ta cika sauya wannan tunani ba, ko wane ne malamin. Daga aikinsu ne aka samar da gwajin FCI a 1992, wanda a yanzu ke da tambayoyi 30 marasa lissafi, kuma amsoshin ƙarya da ke cikinsa an ɗauko su ne daga abin da ɗalibai ke faɗi da bakinsu.

Yawan atisaye kaɗai ma bai wadatar ba. Wani bincike da Eunsook Kim da Sung-Jae Pak suka wallafa a 2002 ya samu ɗaliban Koriya ta Kudu da suka warware tambayoyin lissafi fiye da dubu kafin shiga jami'a, amma suna tafka irin kura-kuran fahimtar da takwarorinsu na wasu ƙasashe ke yi.

Hanyar koyarwa da jarrabawa

A 1998 Richard Hake na Jami'ar Indiana ya tattara sakamakon ɗalibai 6,542 daga kwasa-kwasai 62. Ya duba giɓin da ke tsakanin makin ɗalibi na farkon zango da cikakken maki, sannan ya auna nawa aka cike. A azuzuwan lakca zalla an cike kusan kashi 23 cikin 100 na giɓin. A azuzuwan da ɗalibai ke amsa tambayoyi suna muhawara a cikin darasi, an cike kusan kashi 48. Wani nazari na 2014 da Scott Freeman ya jagoranta, wanda ya haɗa bincike 225 a fannonin kimiyya, injiniya da lissafi, ya samu cewa faɗuwa ta kai kusan kashi 34 cikin 100 a azuzuwan lakca, ta kuma sauka zuwa kusan 22 a ɗaya ɓangaren.

Dabarar da Mazur ya ɓullo da ita ba ta buƙatar kayan aiki masu tsada. Malami ya yi gajeren bayani, ya jefa tambaya ɗaya ta fahimta, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya juya ga maƙwabcinsa ya yi ƙoƙarin gamsar da shi, a sake zaɓe. Ana iya yin ta da katin takarda ko ɗaga yatsu, ko a ɗakin da ke ɗauke da ɗaruruwan ɗalibai. Tana da ƙalubalenta: wani bincike a Harvard a 2019 ya nuna ɗalibai sun fi jin cewa sun koya a lakca mai daɗin sauraro, alhali gwaji ya nuna sun fi koyo a ajin da aka sa su aiki.

Sai dai duk manufar da jarrabawa ba ta tambaya ba, ɗalibi ba zai ɗauke ta da muhimmanci ba. Idan takardar manhaja ta ce ɗalibi zai iya bayani da hasashe, jarrabawa kuma ta tsaya ga zuba lambobi cikin fomula, ɗalibai za su bi jarrabawar.

Inda Najeriya ta tsaya

A watan Disamban 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, wadda ta tanadi kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki tsarin da cewa ya shiga hurumin majalisun jami'o'i. Amma ɗaya daga cikin sauye-sauyen da ya kawo shi ne kowane kwas yana zuwa da jerin abin da ake sa ran ɗalibi zai iya. A PHY 101 jerin ya haɗa da sanin ma'aunai, amfani da dokokin Newton wajen warware matsalolin motsi, aiki da ƙa'idojin makamashi da momentom, da bayanin motsi a ƙarƙashin janyowar ƙasa.

Rubuta manufa shi ne mataki mai sauƙi. Kwas ɗin awa 30 ne na lakca a zango guda, batutuwan suna da yawa, azuzuwan aji ɗaya kuma sun fi kowanne cunkoso. A irin wannan hali, sashen Fiziks ne zai yanke shawarar abin da zai ba lokaci da abin da zai taƙaita, da kuma yawan makin da zai ware wa tambayoyin da ke neman dalili.

Ɗalibin da ke son sanin inda ya kwana kuwa yana iya gwada kansa ba tare da jiran jarrabawa ba. Ya rufe littafi, ya bayyana wa ƙaninsa dalilin da ya sa fasinja ke karkata idan mota ta sha kwana, da abin da ke tura mutum gaba idan yana tafiya a ƙasa, da dalilin da ya sa tirela da ƙaramar mota ke bugun juna da ƙarfi iri ɗaya. Inda bayaninsa ya sarƙe, nan ne ya kamata ya koma ya sake karantawa.